Sabon lasin tirela a hannu: wane kamfani zan kama?

Tambaya: Wata biyu ke nan da na karɓi lasin tuƙin tirela, bayan na yi shekara 3 ina yaron mota a hanyar Kano zuwa Legas. Yanzu ƙofa uku ce a gabana. Wani babban kamfanin dakon siminti da kayan masarufi ya ce zai ɗauke ni, amma sai na kawo mutum biyu da za su tsaya mini, kuma sai na yi wata 6 ina bin wani direba a kan ɗan alawus. Wani Alhaji a garinmu mai tirela 4 ya ce gobe ma in zo in karɓi makulli, biya kuma da sawu ne. Sai wani abokina da ke cewa in biyo shi tankar mai, can kuɗi yake. Ina da mata da ɗa ɗaya. Wacce zan kama?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sanya albarka a wannan lasin, ya sa ka ci halal da shi, ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Ni ma ta yaron mota na fara, na yi shekara 17 a kan sitiyari, yanzu kuma aikina kula da direbobi da motoci ne a wani kamfanin dako. Na zauna a kujerar da kake kai, na kuma zauna a kujerar mai ɗaukar ma'aikata, don haka zan gaya maka abin da na gani ta ɓangarorin biyu.

Sabon direba idan ya je neman aiki, tambayar da ke bakinsa ɗaya ce: nawa za a ba ni? Wanda ya daɗe a hanya kuwa abin da yake fara son sani shi ne, ranar da abu ya ɓaci wa zai ɗauka. Mota ta mutu a daji, wa zai turo kuɗin gyara, kuma cikin kwana nawa? Buhu 5 sun ɓace ko ruwa ya taɓa su, daga aljihun wa za a cire? An yi hatsari an tsare ka a ofishin 'yan sanda a garin da ba ka san kowa ba, wa zai zo? Ka kwana 9 a layin lodi ba ka motsa ba, wa zai ciyar da kai da iyalinka? A aikin tirela waɗannan ranakun ba sa makara, duk direba yana haɗuwa da su, kuma mafi yawansu a shekarar farko suke zuwa. Da wannan ma'aunin nake so ka auna ƙofofin nan uku.

Ka fara da sanin matsayinka. Lasin rukunin G da ke hannunka shaida ce cewa hukuma ta yarda ka hau mota mai kai da bodi. Shekara 3 da ka yi a yaron mota ba ƙaramin jari ba ne: ka san ɗaurin tamfol, ka san canjin taya a tsakar rana, ka san inda ake kwana da inda ba a tsayawa, ka san yadda ake magana da ma'aikata a shinge. Amma akwai abin da ba a koyonsa sai da nauyi a bayanka kuma sitiyari a hannunka. Yadda za ka zaɓi giya tun kafin ka shiga gangara, ba sai ka kai tsakiya ba. Yadda tan 30 ke turo ka daga baya idan ka taka birki a kwana. Yadda za ka yi baya da bodi ka shiga matsattsen wurin sauke kaya a kamfani, mutane na kallo, motoci na jira. Wata 6 ɗin nan da kake gani kamar jinkiri, idan direban da za a haɗa ka da shi na ƙwarai ne, makaranta ce da ake biyan ka kana ciki. Sai dai ka bincika abu biyu. Na farko, za a riƙa ba ka sitiyari da gaske ko za ka koma yaron mota ne da sabon suna? Na biyu, wata 6 ɗin a rubuce yake, da ranar gwaji da ranar ba da mota? Na san wuraren da wata 6 ke zama shekara 2 saboda babu wanda ya rubuta komai. Ka tambayi waɗanda suka shiga kafin kai, wata nawa suka yi kafin a ba su makulli.

Kada ka auna kamfani a ofis. Ofis kowa yana iya shafa masa fenti. Ka je gareji, wurin da ake gyaran motocinsu, ka yi yini guda kana kallo. Abu na farko da zan duba idan ni ne, taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: idan ka ga 2322, mako na 23 ke nan na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara 4 da ƙerawa. Ka duba tayoyin gaba musamman, don idan ta baya ta fashe kana iya lallaɓawa ka tsaya, ta gaba kuwa idan ta tashi da lodi, sitiyari ba ya jin maganarka. Kamfanin da ke sa tayar gwanjo ko wadda aka yi wa sabon zane da wuƙa a gaba ya riga ya gaya maka darajar ranka a wurinsa. Daga nan ka saurari motar da aka kashe: kana jin iska tana tsiyaya? Ka duba ko birkin bodi yana aiki, don akwai motoci da yawa a hanyoyinmu da aka toshe wa bodi iska saboda gudun kuɗin gyara, kai kaɗai ke riƙe da dukan nauyin. Ka duba fitilun baya da tef mai ƙyalli. Ka tambayi makanike ko akwai takardar da direba ke cikewa idan ya dawo da ƙorafi, da kuma ko ana canza baƙin mai bisa kilomita ko sai inji ya fara kuka.

Sannan ka yi wa direbobinsu wannan tambayar, ba a gaban manaja ba, a teburin mai shayi: idan direba ya ce ba zai fita da mota ba saboda birki, me ake yi masa? Idan amsar ita ce ana gyarawa, wannan wurin aiki ne. Idan amsar ita ce ana karɓe makulli a ba wani, ka ƙara gaba ko nawa ne albashin. Ka tambayi mutum uku ko huɗu, ka haɗa da wanda ya bar kamfanin. Wanda ya bari zai iya ƙara gishiri, wanda ke ciki zai iya jin tsoro, amma idan ka haɗa bakinsu gaskiya tana fitowa a tsakiya.

Na daɗe a kan gareji ne saboda abin da ya same ni. A shekarata ta farko da makulli, ina aiki wurin wani mai mota, na faɗa masa sau biyu cewa giyabos tana kuka. Ya ce in yi wannan sawun, idan na dawo za a buɗe. Na ɗauko albasa zan kai kasuwar Mile 12 a Legas, motar ta tsaya mini tsakanin Tegina da Mokwa. Kwana 11 na yi a bakin titi ni da yarona. Kuɗin hanya ya ƙare a kwana na huɗu, mutanen wani ƙauye ne suka riƙa kawo mana tuwo, Allah ya saka musu da alheri. Kafin a samo wata motar a juye kayan, fiye da rabin albasar ta ruɓe. Da na dawo gida aka zauna aka yi lissafi, aka ce sai na ɗauki wani kaso na asarar, aka riƙa cirewa daga kuɗin sawuna har wata 7. Ba ni da takardar da ke nuna na kai ƙorafi, ba ni da takardar ɗaukar aiki, ba ni da inda zan kai kuka. Kuɗin sawun da aka yi mini alkawari ya fi na abokaina da ke manyan kamfanoni, amma a ƙarshen shekarar sun fi ni abin hannu nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo mu lissafin kuɗi. Biya iri biyu ne a wannan aiki, albashin wata tare da alawus na kowane sawu, ko kuma biyan sawu zalla. Biyan sawu yana da daɗin ji, amma ka riƙe cewa taya ce ke biyan ka: ranar da ba ta juya ba, ba ka da komai. Ka zauna da takarda da biro ka tambayi direbobin Alhaji sawu nawa suka yi a wata 3 da suka wuce, ba a watan da kasuwa ta fi ci ba. Ka cire kwanakin jiran lodi a kasuwar Dawanau ko Singa a Kano, kwanakin jiran sauke kaya, kwanakin gyara, da lokacin damina da hanya ke lalacewa. Idan aikin ya haɗa da ɗaukar kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, ka san cewa tun Fabrairun 2021 mota ba ta shiga tashar sai da tikitin kira na Eto, wato tsarin intanet da ake kiran motoci da shi su shiga tashar bi da bi, don haka ka tambayi wa ke biyan tikitin da kuɗin fakin, kuma ko ana ba direba kuɗin abinci a kwanakin jira. Ka tambayi ko ana samo kayan dawowa, ko kuwa mota tana dawowa wayam kuma ba a biyan wannan rabin tafiyar.

Sai batun gas, wato man dizal, wanda shi ne ya fi haɗa direba da ubangidansa faɗa. Tirela da lodi, lita ɗaya ba ta cika kai ta kilomita 3 ba, don haka sawu ɗaya daga Kano zuwa Legas maganar ɗaruruwan lita ake yi. Wasu kamfanoni suna auna maka lita bisa nisan hanya, idan bai isa ba ka cika daga aljihunka. Wannan tsarin ba laifi idan awon na adalci ne kuma motar lafiyayya ce. Amma sabon direba kusan kullum tsohuwar mota ake ba shi, wadda ta fi kowacce sha, a kuma auna masa daidai da mai sabuwa. Ka tambayi wace mota za a ba ka, ka nemo wanda ya sauka daga kanta, ka ji ko gas ɗin yana kai shi. Ga kuma gargaɗi daga zuciyata: za ka ga wasu suna zuƙe gas suna sayarwa a hanya, za su ce maka kowa haka yake yi, albashi ba ya isa. Kada ka fara. Ban da haramcinsa, motocin yanzu da yawa suna da na'urar da ke nuna wa ofis yawan man da ke tanki da inda ka tsaya, kuma a wannan sana'a suna yana riga mutum isa kowace tasha. Idan ka gane cewa tsarin kamfani an gina shi ne a kan direba ya cike gurbin albashinsa da sata, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙin shiga.

Yanzu takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 su cika da farawa. Dokar ta kuma taƙaita yankan albashi: ba a cire wa ma'aikaci kuɗi don asara sai idan ganganci ko sakacinsa ne ya jawo, kuma da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, sannan jimillar abin da za a yanka a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Na san a aikace ba kowa ke bin wannan ba, amma wanda ke da takarda yana da abin riƙewa idan magana ta kai ofishin ƙwadago ko kotun ma'aikata. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda a ƙarƙashinta kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, domin idan ka ji rauni ko ka rasu a bakin aiki a biya ka ko iyalinka. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba maka kashi 10, kai ka zuba kashi 8, ya kuma yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na abin da kake samu a shekara ba. Kai mai mata da ɗa ne, kuma kana shiga aikin da ake fita ba a da tabbacin dawowa. Wannan inshorar ba ƙaramar magana ba ce a wurinka.

A nan akwai inda ake yawan faɗawa rami. Manyan kamfanoni da yawa ba su ke ɗaukar direba kai tsaye ba, wani ɗan kwangila ne ke ɗauka ya turo musu. Sunan babban kamfani yana jikin mota, amma sunan da ke kan takardarka daban ne. Ka karanta ka ga wa ya ɗauke ka, wa ke biyan ka, wa ke zuba fansho. Idan an ce ana zubawa, ka tambayi tsofaffin direbobi ko saƙon shigar kuɗin yana zuwa musu a waya. Takardar masu tsaya maka kuwa, ka kai musu su karanta da kansu ko a karanta musu, su san iyakar abin da suka ɗauka. Neman mai tsayawa ba abin zargi ba ne, dukiya ce mai yawa za a damƙa maka. Amma kada ka ba kowa ainihin lasin ɗinka ko takardar fili ko ta gida ya ajiye, kwafi ya isa. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta asusunsa don ya sama maka gurbi a wani babban kamfani, ka ɗauka ɗan damfara ne har sai ka taka da ƙafarka ka je ofishin ka tabbatar.

Tambayar hatsari ita ce wadda sababbin direbobi ke jin nauyin yi, suna ganin kamar fata ne marar kyau. Ka yi ta. Ka tambayi wace irin inshora ce a kan motar, kuma ko akwai inshorar kayan da aka ɗauko, don ita ce ke tsaya maka idan mota ta kife ko aka yi fashi. Ka tambayi ko kamfanin yana da lauya ko wakilin da ke zuwa idan an tsare direba. Na sha ganin direba yana kwana a bayan kanta sati biyu, mai mota ya zo ya yi belin motarsa ya tafi ya bar mutum. FRSC tana da tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin haya 5 ko fiye ya yi rajista da ita, ya kafa sashen kula da lafiyar tuƙi da jami'in da ke riƙe da shi, a riƙa duba motocinsa da direbobinsa. Babban kamfanin da ka ambata ya kamata a ce yana ciki, ka nemi ganin wannan jami'in ka yi magana da shi. Alhaji mai mota 4 bai kai wannan adadin ba, ke nan babu mai duba shi sai tsoron Allahnsa.

Ba ina cewa aiki da Alhazawan gari ba shi da alheri ba ne. Na san masu mota biyu ko uku da suka riƙe direbobinsu kamar 'ya'yan cikinsu, suka yi musu aure, suka kai su Makka, wasu har suka sayar musu da mota a biya sannu a hankali. Mafi yawan manyan direbobin Arewa a irin waɗannan hannaye suka tashi. Amma komai ya rataya ne a kan halin mutum ɗaya da ƙarfin aljihunsa, kuma saboda ɗan garinku ne, kunya za ta hana ka tambayar abin da ya kamata ka tambaya. Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai: me ya sa mai tirela zai miƙa makulli gobe ga wanda lasinsa bai wuce wata 2 ba? Wataƙila ya yarda da tarbiyyarka ne, wannan abu ne mai kyau. Wataƙila kuma tsofaffin direbobi sun ƙi motar, ko sun ƙi shi. Ka nemo wanda ya sauka daga kanta ka ji dalili. Ka kuma tambayi lodin da ake yi mata. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 600 tan 30 ke nan, buhu 900 kuma tan 45. Idan motar da aka ƙera don na farko ake ɗora wa na biyu, birki da taya da sifirin duk suna aiki fiye da ƙarfinsu, kuma kai ne a ciki. Haka ɗaukar mutane a kan kaya ko a kan shanu don samun na cefane. Mun rasa mutane da yawa ta wannan hanya, kuma ranar da abin ya faru direba ake kamawa, ba wanda ya ce a ɗauka ba.

Idan duk da haka zuciyarka ta fi kwanciya da Alhaji, to ku zauna gaban dattawa biyu a rubuta: kuɗin sawu, kuɗin hanya, wa ke da gyara, yadda za a yi idan kaya sun yi ƙasa, da abin da za a ba ka a watan da mota ke gareji. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Tanka kuwa, amsata a taƙaice ita ce ba yanzu ba. Buhu idan ka ɗaure shi yana nan inda ka ajiye shi. Mai kuwa yana motsi: ka taka birki ya taho gaba ya tura ka, ka sha kwana ya kwanta gefe ya ja ka, musamman idan wani ɗaki na tankar bai cika ba. Kuskuren da a motar siminti zai ƙare a fashewar buhuna, a tanka yana iya cinye gari. Ba mu manta da gobarar tanka a Majiya ta Jihar Jigawa ba, ranar 15 ga Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu, ko mahaɗar Dikko a Jihar Neja ranar 18 ga Janairun 2025, inda fiye da 80 suka tafi. Bayan waɗannan ne hukumar kula da harkar mai ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Ban da haɗarin, akwai rigimar awo: ka ɗauko a defo, ka je gidan mai a auna a ce lita kaza ta yi ƙasa, kuma sabon shiga bai san yadda ake duba awo da hatimi kafin ya sa hannu ba. Aikin tanka yana da tsarinsa, da ƙungiyar direbobinsa ta PTD a ƙarƙashin NUPENG, uwar ƙungiyar ma'aikatan mai da iskar gas, da binciken da ake yi wa mota a defo kafin a ba ta lodi. Kasuwar kanta tana sauyawa tun da matatar Dangote ta sanar a 2025 cewa za ta riƙa kai mai da nata motoci 4,000 masu amfani da iskar gas. Tanka ba za ta gudu ba. Ka yi shekara 2 ko 3 da busasshen kaya ba tare da hatsari ba, lokacin kai za a nema.

Saura batun lokaci da barci, wanda shi ma kamfani ne ke yanke maka shi tun kafin ka hau mota. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, kuma tun Fabrairun 2017 FRSC ke tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ce. Ko da a ce hanyar lafiya lau take, babu rami babu shinge, awa 17 zuwa 20 ke nan na tuƙi zalla, ban da salla, abinci da barci. Ka san kuma yadda hanyar take a zahiri, ko ta Birnin Gwari da Jebba ka bi ko ta Lokoja da Okene. To duk wanda ya ce maka ka tashi yau ka sauke gobe da safe, ya umarce ka ne da gudu da hana ido barci, ko da bai furta ba. Daga nan ne yara masu hankali ke fara shan tiramol da gadagi, wai don su riƙe ido. Na binne abokan aiki saboda wannan, na kuma ga waɗanda suka rayu amma ƙwaƙwalwa ta tafi. Ka tambayi kamfanin kwana nawa suke ba wa sawu, ko suna hana tafiyar dare a wuraren da babu tsaro, da kuma ko direba yana da ikon tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos ko Ogere ya yi barci ba tare da an kira shi ana zagi ba. Na'urar bin sawun mota da wasu direbobi ke ƙi, ni ina ganin ta abokiyar direba nagari ce: ranar da aka yi maka sharrin ka kauce hanya ko ka yi gudu, ita ce shaidarka.

Ka tambayi kuma bayan kwana nawa za ka riƙa ganin gida. Kamfanin da garejinsa ke Legas ko Obajana, kai kuma iyalinka na Arewa, kana iya yin wata 2 ba ka ga ɗanka ba. Ku zauna da maiɗakinka ku yi wannan maganar tun yanzu, ta san ranar da albashi ke shiga da abin da za ta riƙe, a kuma san wanda zai riƙa leƙa su.

Idan ni ne kai, babban kamfanin zan kama, da sharaɗin garejinsa ya ci jarrabawar da na faɗa maka, wata 6 ɗin a rubuce yake, kuma na gane sunan wanda ya ɗauke ni a takarda. Kuɗin watannin farko zai yi maka kaɗan, za ka ga abokinka na tanka yana kashe abin da ba ka da shi, amma za ka fito da horo da takardar shaidar aiki da kowane mai mota zai girmama. Idan garejin ya faɗi, kada ka ce dole sai ɗaya daga cikin ukun nan, masu dakon siminti, fulawa, lemo da taki suna da yawa, kuma direba mai hankali wanda ba ya shaye-shaye ba ya kwantai. Alhaji kuma ka je da kanka ka gaishe shi, ka yi masa godiya, ka ce kana so ka ƙara gogewa kafin ka riƙe masa dukiya, don kada ƙofar ta rufe.

Duk inda ka shiga, daga ranar farko ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota. Kowane sawu ka rubuta ranar tashi da ranar isa, lambar kilomita, litar gas da aka zuba, adadin kaya, da abin da ka kashe a hanya. Kada ka sa hannu a takardar kaya sai ka ƙirga da idonka ko ka duba hatimi, ka ɗauki hotonta da wayarka kafin ka miƙa. Duk matsalar da ka ji a mota, bayan ka faɗa da baki ka tura ta a rubuce ta WhatsApp ga manaja ko mai motar, don kwanan wata ya zauna. Da ina da irin wannan saƙon guda ɗaya lokacin albasar nan, da ba a yanke mini ko sisi ba. Idan ka je garejin ka dawo, ka rubuto mini abin da ka gani a tayoyin gaba da abin da direbobinsu suka ce game da wanda ya ƙi fita da mota, sai mu ƙarasa shawarar. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.